Tsoron ta'addanci bai halatta yi wa Musulmi kuɗin goro a bakin iyaka ba

Tun da aka sake taso da maganar hana bizar shiga Amurka, wata magana ke ta yawo a majalisun Samaru da Kongo da teburan masu shayi na Tudun Wada a nan Zariya. Abin da ya fi damuna shi ne daga bakin masu ilimi take fitowa. Sai ka ji babban malami yana cewa, "Ai ƙasarsu ce. Yaranmu ne suka ja mana. Ko mu ne, abin da za mu yi ke nan."

Farkon maganar babu gardama a kansa. Kowace ƙasa tana da ikon tantance wanda zai shigo mata, ta bincike shi ciki da waje, ta ce masa a'a idan ta ga abin da bai kwanta mata ba. Inda na rabu da su shi ne a ce tsoron ta'addanci ya isa hujjar rufe ƙofa ga mutum saboda addininsa, ko saboda ƙasar da aka haife shi ta Musulmi ce. Wannan zalunci ne, kuma bayan zaluncin ba ya kawo tsaron da ake nema. Idan aka bi manyan hare-haren ɗaya bayan ɗaya, abin da ake tararwa kusan iri ɗaya ne: akwai bayani a kan takamaiman mutum, wani ya ajiye shi a aljihun tebur bai yi aiki da shi ba.

Mu ma mun san wannan tsoron

Babu mai koya wa Bazazzagi abin da bam yake yi. A ranar 17 ga Yunin 2012 aka tayar da bama-bamai a coci-coci a Wusasa da Sabon Gari. A ranar 1 ga Fabrairun 2014 aka harbe Sheikh Muhammad Auwal Albani a cikin motarsa tare da matarsa da ɗansa, yana dawowa daga karatu, daga baya Shekau ya fito ya ce aikinsu ne. A ranar 7 ga Yulin 2015 bam ya tashi a sakatariyar ƙaramar hukumar Sabon Gari da ke Dogarawa, a tsakiyar ma'aikata da malaman firamare da suka yi layin tantancewa, fiye da mutum 20 suka rasu.

Saboda haka idan wata uwa a Paris ko Manchester ta ce tana tsoro, ba za mu raina ta ba. Ta binne ɗanta kamar yadda muka binne namu. Amma a dubi wannan jeri da kyau. Waɗanda aka kashe a Dogarawa, da ɗaruruwan da bam ya rutsa da su a babban masallacin Juma'a na Kano a Nuwambar 2014, su ne irin mutanen da dokar hana Musulmi shiga za ta fara tarewa. Malamin da ya shafe shekaru yana warware shubuhar 'yan ta'adda a kan mumbari har suka kashe shi, da yana raye ya nemi biza, layi ɗaya za a sa shi da makasansa.

Su wa aka sa a jerin, su wa aka bari

A Disambar 2015, bayan harin San Bernardino da ya ci mutum 14, Donald Trump yana ɗan takara ya nemi a rufe wa Musulmi ƙofar Amurka gaba ɗaya. Mijin da ya kai harin tare da matarsa a Amurka aka haife shi. Matar ce ta shigo da bizar aure daga Pakistan.

Da ya hau mulki, a ranar 27 ga Janairun 2017 ya sa hannu a dokar da ta dakatar da 'yan ƙasashe bakwai na kwana 90: Iran, Iraƙi, Libiya, Somaliya, Sudan, Siriya da Yaman. An ambaci harin 11 ga Satumbar 2001 a cikin hujjojin. To mutum 19 da suka kai wannan harin, 15 'yan Saudiyya ne, biyu 'yan Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ɗaya ɗan Masar, ɗaya ɗan Lebanon. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan ƙasashe huɗu a jerin, haka ma Pakistan. Ba ina cewa a saka su ba ne. Ina nuna cewa ko da ma'aunin masu dokar aka auna, jerin bai bi sawun haɗarin ba. Ya bi sawun ƙasashen da ba su da ƙarfin ramawa.

Cikin waɗanda aka fara tsarewa a filin jirgin sama na New York a wancan makon har da wani ɗan Iraƙi da ya yi shekaru yana yi wa sojojin Amurka tafinta. Sai da aka sake rubuta dokar sau biyu kafin Kotun Ƙoli ta amince da ita a Yunin 2018, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu. Biden ya soke ta ranar da ya hau a 2021. A Yunin 2025 ta dawo da ƙasashe 12, aka kafa hujja da wani hari da aka kai a Boulder ta jihar Colorado. Wanda ya kai harin ɗan Masar ne, kuma Masar ba ta cikin 12 ɗin.

Maganar maƙwabciyarmu Chadi ta fi ba da takaici. A Satumbar 2017 aka saka ta, alhali a N'Djamena hedikwatar rundunar haɗin gwiwa mai yaƙi da Boko Haram take, kuma sojojinta sun zubar da jini a Gamboru da Dikwa. Daga cikin dalilan akwai cewa ba ta miƙa samfurin sabon fasfonta a kan lokaci ba, saboda takardar buga fasfo ta ƙare mata. Sai a Afrilun 2018 aka cire ta.

Darasin Kirsimetin 2009

Duk mai goyon bayan hana mu shiga, sunan da yake fara kawowa shi ne Umar Farouk Abdulmutallab, kuma ya dace mu tsaya a kansa, don iyalinsa 'yan Funtua ne, nan kusa da mu. A ranar 25 ga Disambar 2009 ya yi yunƙurin tayar da bam da ya ɓoye a kamfai, a jirgin da ya taso daga Amsterdam zuwa Detroit ɗauke da mutum kusan 300. Allah Ya kiyaye bam ɗin bai tashi yadda ya so ba. Laifi ne babba, kuma ya ja wa ƙasa baki ɗaya abin kunya.

Amma a bi abin daki-daki. A Mayun 2009 Birtaniya ta hana shi biza, saboda makarantar da ya ce zai je ba ta gaskiya ba ce. A Nuwamba, kusan wata guda kafin harin, mahaifinsa da ƙafarsa ya je ofishin jakadancin Amurka a Abuja ya ce ɗansa ya faɗa hannun masu tsattsauran ra'ayi a Yaman, a taimaka. Aka saka sunan a wani babban rumbu mai sunaye fiye da rabin miliyan, ba a kai shi ƙaramin jerin waɗanda aka hana hawa jirgi ba. Da aka duba ko yana da biza, an yi kuskuren harafi wajen rubuta sunan, sai kwamfuta ta nuna babu, alhali yana riƙe da bizar shekara biyu da aka ba shi a Landan tun 2008. A gefe guda kuma jami'an leƙen asiri sun riga sun tsinci maganar cewa Alƙa'ida a Yaman tana shirya wani ɗan Najeriya. Ba wanda ya haɗa waɗannan bayanai wuri guda. Binciken da fadar shugaban Amurka ta yi da kanta ya amsa cewa bayanan suna hannu, haɗa su ne ba a yi ba.

Wani zai ce, to da an hana dukkan 'yan Najeriya ai da bai shiga jirgin ba. Haka ne. Amma soke bizar mutum ɗaya ma ya isa, kuma aikin minti kaɗan ne. Sannan a yi tunanin abin da ya faru bayan haka: a Janairun 2010 aka jefa Najeriya cikin ƙasashe 14 da ake yi wa 'yan ƙasarsu binciken musamman a filayen jirgi. Uba Musulmi ya danne son ɗansa ya kai rahoto, sakamakon da ya gani shi ne an shafa wa ƙasarsa baƙin fenti. Uban da zai zo bayansa, da wane ƙarfin gwiwa zai taka zuwa ofishin? Masu aikin tsaro sun san mafi tsadar bayani shi ne wanda ke fitowa daga uwa, ko limami, ko abokin ɗaki. Dokar kuɗin goro wannan ƙofar take toshewa.

Abin da aka yi mana a 2020 ma bai dace da darasin ba. A ranar 31 ga Janairu aka saka Najeriya a jerin, amma bizar zama dindindin kaɗai aka hana, wato ta matar da za ta bi mijinta, da tsohon da ɗansa likita ya nema masa. Waɗannan su ne aka fi bincika, har da gwajin lafiya da takardar 'yan sanda. Bizar ziyara, irin wadda Abdulmutallab ya riƙe, aka bar ta a buɗe.

Ta yaya ma za a gane Musulmin?

Fasfon Najeriya ba ya ɗauke da addini, haka na yawancin ƙasashe. Da suna za a gane? Akwai Yakubu da Ibrahim da Maryamu a Wusasa da suka gaji Kiristanci tun kakanni. Da tambaya? Wanda ya shirya kashe mutane ba zai ji nauyin cewa shi ba Musulmi ba ne. Mai gaskiya ne kaɗai tambayar za ta kama.

Shi ya sa ake fakewa da sunan ƙasa, nan kuma sai a yi karo da wata matsalar. Cikin mutum huɗu da suka kashe mutum 52 a Landan a Yulin 2005, uku a Ingila aka haife su, na huɗun haifaffen Jamaika ne da ya musulunta. Wanda ya kashe mutum 49 a Orlando a 2016 haifaffen New York ne. Wanda ya kashe mutum 22 a Manchester a 2017, a Manchester ɗin aka haife shi. Su biyun da suka kashe wani soja a titin Woolwich a 2013 'yan asalin Najeriya ne, amma a Landan aka haife su, a gidajen Kiristoci. Babu dokar iyaka da za ta tare ko ɗaya daga cikinsu. A can suka girma, a can aka lalata musu tunani, wasu a gidan yari, wasu a intanet.

Sannan ta'addanci ba shi da addini guda. Timothy McVeigh ya kashe mutum 168 a Oklahoma a 1995. Anders Breivik ya kashe 77 a Norway a 2011. Wanda ya kashe masallata 51 ranar Juma'a a Christchurch a 2019 baƙo ne a New Zealand, daga Ostireliya ya je. Ba a hana 'yan Ostireliya shiga ba, kuma daidai aka yi, domin kowa ya gane laifin na mutum ɗaya ne. Wannan hankalin muke roƙo a yi wa mutum kusan biliyan biyu.

"Amma ai wasu sun saje da 'yan gudun hijira"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a wancan ɓangaren, kuma bai kamata mu kauce mata ba. A harin Paris na Nuwambar 2015, da ya ci mutum 130, yawancin maharan 'yan Faransa da Beljiyam ne, amma biyu sun shigo ta tsibirin Leros na Girka cikin ayarin masu gudun hijira, da fasfon Siriya na bogi. A shekarar mutane sun kwararo fiye da yadda jami'ai za su iya rajista. Inda aka bar mutane suna wucewa ba a ɗauki hoton yatsunsu an gwada da rumbun bayanai ba, an yi sakaci, kuma Turawa suna da gaskiya da suka ce a gyara.

A dubi na Berlin a Disambar 2016. Ɗan Tunisiya da ya afka wa kasuwar Kirsimeti da babbar mota ya riga ya yi zaman gidan yari a Italiya. An ƙi ba shi mafaka a Jamus. An san yana yawo da sunaye fiye da goma, jami'an tsaro sun taɓa sa masa ido sannan suka sassauta. An kasa mayar da shi gida saboda takardunsa daga Tunisiya ba su iso ba, sai bayan harin da kwana biyu. A kowane mataki an san shi da sunansa da fuskarsa. Rufe ƙofa ga wata bazawara daga Halab ta Siriya da 'ya'yanta ba ya gyara ko ɗaya daga cikin waɗannan kurakurai.

Haka na Bowling Green a jihar Kentucky ta Amurka, inda a 2011 aka kama 'yan Iraƙi biyu da suka shiga a matsayin 'yan gudun hijira. Hoton yatsun ɗayansu yana jikin wani bam da sojoji suka tono a Iraƙi tun 2005, amma ba a gwada masu neman mafaka da wannan rumbun ba. Aka gyara, aka haɗa rumbunan, aka sake tantance dubban mutane. Irin gyaran da ke aiki ke nan.

Mutanenmu da yawa ba su san tsananin binciken da ake yi tun kafin a zo maganar hani ba. Ɗauki malamin jami'a a Samaru da ya samu gurbin digiri na uku a Amurka. Makarantar za ta aiko masa takardar I-20. A farashin 2025, zai biya dala 350 na rajistar ɗalibai, ya biya dala 185 na biza, ya cike fam ɗin DS-160, inda tun 2019 ake neman sunayen da ya yi amfani da su a Facebook da sauran kafafe na shekara biyar. Zai je Abuja ko Legas, a ɗauki hoton yatsunsa goma, ya tsaya gaban jami'i ta bayan gilashi. Idan sunansa ya yi kama da wani da ake nema, ko karatunsa ya shafi sinadarai ko nukiliya, sai a miƙo masa takardar 221(g) ta ƙarin bincike, ya koma gida ya jira makonni ko watanni. Kamfanin jirgi zai tura bayanansa kafin ya tashi. Ko ya sauka, jami'in shige da fice yana da ikon mayar da shi. Ɗan gudun hijira kuwa yakan shekara ɗaya da rabi zuwa biyu ana bincikensa, kuma ba shi ke zaɓar ƙasar da za a kai shi ba. Duk wanda ya tsallake wannan sannan aka ce masa a'a saboda koren fasfonsa, ba don tsaro aka hana shi ba.

Su kansu 'yan ta'addan wannan suke so. Ƙungiyar IS, wato ISIS, ta rubuta ƙarara a 2015 cewa burinta a kawar da zaman tare tsakanin Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba a Turai, har kowane Musulmi ya ga ba shi da wurin zuwa sai wurinta. A farkon 2016 Al-Shabab ta saka jawabin Trump na rufe ƙofa a bidiyonta na neman mabiya.

Mun gwada a gida

Masu cewa "ko mu ne haka za mu yi" sun manta mun riga mun yi. Bayan rikicin Maitatsine a Kano a Disambar 1980, wanda ya ci fiye da mutum 4,000, aka yi ta nuna baƙi da yatsa, tun da shi Muhammadu Marwa ɗan Kamaru ne. A Janairun 1983, ga matsin tattalin arziki ga wannan tsoro, gwamnatin Shagari ta ba baƙin da ba su da takardu wa'adin makonni su fice. Fiye da mutum miliyan ɗaya suka kwashi kayansu, yawancinsu 'yan Ghana, malaman makaranta da teloli da makanikai da ba su taɓa jin sunan 'Yan Awaki, unguwar da Maitatsine ya zauna, ba. A 1984 rikicin ya sake ɓarkewa a Jimeta, a 1985 a Gombe. Mabiyan 'ya'yanmu ne.

Kuma mun ɗanɗana yadda abin yake idan mu aka juyo wa. A Yunin 2014 sojoji suka tare 'yan Arewa 486 a jihar Abiya, suna cikin motoci za su Fatakwal neman abinci, aka kira su 'yan Boko Haram. A Maris ɗin 2025 aka kashe mafarauta 16 a Uromi, suna hanyar komawa Kano yin Sallah. Tunanin da ya kashe su shi ne tunanin da ke cikin dokar hana biza: ba mu san ku ɗaya-ɗaya ba, amma mun san irinku. Wanda ya yi kuka da Uromi, ya kuma dawo yana kallon kowane Bafulatani mai sanda a kasuwar Giwa a matsayin ɗan bindiga, shi ma ya binciki kansa.

Abin da ke wuyanmu

Ƙin yarda da kuɗin goro bai wanke mu ba. Wanda ya shiga ƙasar mutane da biza ya shiga da amana, kuma malamanmu na fiƙihu sun daɗe da bayani a babin aminci cewa wanda aka ba izinin shiga bai halatta ya ci amanar jini ko dukiyar masu masaukinsa ba. Ya kamata a ji wannan a huɗubobi da makarantun Islamiyya, a fili, kamar yadda ake jin hukuncin riba. Wanda ya wuce wa'adin bizarsa kuma ya sani ƙaninsa ne zai biya, domin da ƙididdigar masu wuce wa'adi ake auna masu zuwa baya. A Yulin 2025 aka rage yawancin bizar ziyara ta 'yan Najeriya zuwa shiga ɗaya cikin wata uku.

Sai maganar takardu, inda ƙorafin Amurka yake da tushe. Dalilin da aka rubuta a 2020 shi ne Najeriya ba ta musayar bayanan tsaro yadda ya kamata, har da rahoton fasfon da ya ɓata ko aka sace. Gwamnatin Buhari ta kafa kwamiti ƙarƙashin ministan cikin gida Rauf Aregbesola a kan haka. Amma tushen matsalar yana ƙasa da Abuja. Yaro za a haifa a Kwarbai ba a yi masa rajista a Hukumar Ƙidaya ba, sai ya kai shekara 18 a je kotu a yi rantsuwar shekaru, a zaɓi 1 ga Janairu. A takardar firamare shi Muhammadu Sani ne, a ta sakandare Mohammed Sani Aliyu, a NIN Muhammad Aliyu, a banki wani abu dabam. Jami'in da ke zaune a bayan gilashi ba shi da hanyar tabbatar da cewa mutum ɗaya ne, kuma kwamfutarsa za ta haɗa shi da duk wani Muhammad Aliyu da ake nema a duniya.

Gyaran wannan ba ya buƙatar izinin kowa. A yi wa jariri rajista kafin ranar suna ta yi nisa, masu unguwanni da limaman da ke raɗa suna su riƙa tambayar takardar. A tsayar da rubutun suna ɗaya tun daga aji ɗaya, a bi shi har fasfo. Wanda fasfonsa ya ɓata ya kai rahoto ga 'yan sanda da hukumar shige da fice a makon, ita kuma hukumar ta tura lambar ga hukumar 'yan sandan ƙasa da ƙasa ta Interpol ba tare da jinkiri ba. Idan ma'aikatar harkokin waje za ta zauna da Amurka ko Birtaniya, ta je da waɗannan a hannu, ta nemi a rubuta mata sharuɗɗan fita daga jerin ɗaya bayan ɗaya tare da ranar da za a sake dubawa, kamar yadda Chadi ta samu a 2018.